Ciyawar Allah ko ta roba: wacce ta dace da ƙaramin filin wasa mai hanyar gudu?

Duk garin da aka ce za a gyara filin wasansa, gardamar farko da ke tashi ita ce ta ciyawa. Masu ƙwallo su ce a shimfiɗa musu kafet, wato ciyawar roba, su huta da ƙura da tuntuɓe. Dattawan da suka taka leda a zamaninsu su ce ba abin da ya kai ciyawar Allah. Ɗan kwangila na gefe da hotuna a waya, kore shar, yana jiran a sa hannu. Wanda ba a cika jin muryarsa a irin wannan zama ba shi ne malamin wasanni na sakandare, mai kawo yara gudu da tsalle da jifa. Na daɗe ina wannan aikin, na kai yara fili mai ciyawa, na kai su mai roba, na kai su wanda babu komai sai tsurar ƙasa, shi ya sa nake son in baje maganar ga duk wanda aka sa a kwamitin gyaran fili.

Ba manyan filaye irin na Abuja ko Uyo nake nufi ba. Ina magana ne a kan filin da za ka tarar a gari mai girman Haɗeja ko Funtuwa ko Azare ko Tasawa: katanga, rumfar manyan baƙi guda ɗaya, wurin zaman mutum dubu kaɗan, filin ƙwallo a tsakiya, hanyar gudu ta kewaye shi. Hanyar gudun da ta cika ƙa'ida mita 400 ce, kowane layi faɗin mita 1.22, miƙaƙƙun ɓangarorinta biyu mita 84.39 kowanne. Filin ƙwallon da ke cikinta yawanci mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Idan aka haɗa da bayan raga biyu, abin da ke cikin da'irar ya ɗan haura hekta guda. A kan wannan hektar ake gardama.

Mu fara da ruwa, don shi ne yake yanke hukunci a yawancin garuruwanmu kafin ma a je ga sauran. Daga Oktoba zuwa wajen Mayu ba ruwan sama na kirki a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. A watannin Maris da Afrilu, idan rana ta buɗe, ciyawar fili na iya shan kusan milimita 7 na ruwa a yini. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Filin ƙwallon kaɗai ke nan yana neman kusan lita 50,000 kowace rana. A jarka mai lita 25 irin ta 'yan garuwa, jarka 2,000 ce, gobe ma haka, jibi ma haka. Bohol ɗin da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa, idan sola ta tuƙa shi awa takwas, bai kai lita 29,000 ba. Ashe bohol ɗaya ba ya riƙe fili a bazara, sai an yi biyu ko uku, da babban tanki, da famfunan feshi.

Kuma ba kowane gari ne ƙasarsa ke ba da ruwan ba. Zariya da kudancin Katsina da babban ɓangare na Kano suna zaune ne a kan dutse, bohol yakan ba da ruwa kaɗan, wani ma ya ja baya idan rani ya yi nisa. Yankin Haɗeja da Gumel da Nguru zuwa Maiduguri kuwa yana kan rairayin kwarin Tafkin Chadi, ruwan ƙasa ya fi samuwa. Garin da ke kusa da dam ko kogi ko fadama shi ma lissafinsa daban. Saboda haka kafin a ce ciyawar Allah, a kira masu binciken ruwa su haƙa, su gwada bohol ɗin a watan Afrilu, ba a watan Agusta ba. Akwai kuma abin da ya kamata ya dami kowa: garin da mata da yara ke bin layin famfo tun asuba, a ce ana zuba lita dubu hamsin a fili kullum, dole a yi wa jama'a bayani, gara ma a fitar musu da kan famfo a bayan katanga daga ruwan filin.

Na ga yadda rashin wannan lissafi yake ƙarewa. Wani fili da nake kai yara, an dasa masa ciyawa, ranar buɗewa kamar ka shimfiɗa tabarma ka kwanta. A cikin Maris injin bohol ya ƙone. Takardar neman kuɗin gyara ta yi mako uku tana yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Mai kula da filin, wani dattijo, yana ɗaukar ruwa da bokiti yana zuba wa bakin raga, yana cewa ko nan ya tsira. Kafin a kawo injin, filin ya koma kalar harawa. Amma ga abin da ya sa ban yanke ƙauna da ciyawa ba: da ruwan sama ya sauka a Yuni, kiri-kirin nan ta sake tsirowa daga saiwa, ta yaɗu, kafin Agusta fiye da rabin filin ya rufe. Ciyawar da ake shukawa a filayen ƙasashe masu zafi, wadda ake kira Bamuda, dangin kiri-kirinmu ce, tana jure fari da tattaki, tana gyara kanta. Roba idan ta yage ba ta ɗinke kanta.

Inda roba ta yi wa ciyawa fintinkau shi ne ɗaukar wahala. Ciyawar Allah tana son hutu. Wasa biyu ko uku a mako da ɗan atisaye, shi ne abin da za ta ɗauka ta zauna lafiya. A garuruwanmu kuwa fili ɗaya ne, ƙungiyoyin unguwa sun fi ashirin, ga 'yan makaranta, ga tsofaffin 'yan wasa ranar Lahadi, ga gasar cin kofin wane da wane. Daga bayan sallar asuba zuwa magariba ba a barin sa ya numfasa. A irin wannan hali ciyawa ba ta yin wata uku: bakin raga ya fara sanƙo, tsakiya ta biyo baya, damina ta zo a yi ta wasa cikin taɓo, rani ya busar da sawun ƙafafu su zama kunya-kunya. Roba kuwa za a iya yi mata wasa safe da yamma kowace rana, ruwa ya ɗauke a koma ciki bayan ɗan lokaci idan an yi mata magudana mai kyau, ƙwallo ta gangara miƙe. Yaron da ya tashi a fili mai laushi yana koyon miƙa ƙwallo ƙasa-ƙasa da tarewa, ba ya tashi da ɗabi'ar ɗaga ta sama don tsoron rami. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, kuma masu ƙwallo na da gaskiya da suke nacewa a kanta.

Sai dai zafi. Wanda bai taɓa ɗora tafin hannunsa a kan ciyawar roba da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ba, ya gwada kafin ya sa baki. Ba za ka iya barin hannun ba. Zaren roba ne, tsawonsa santimita huɗu zuwa shida, an cusa masa yashi a ƙasa, a sama kuma baƙin garin tsofaffin tayoyi. Baƙin nan yana haɗiye rana. An sha auna saman irin wannan fili ya wuce digiri 60, har 70, a ranar da ciyawar gaske ba ta wuce zafin iska da yawa ba, domin ita tana fitar da ruwa tana sanyaya kanta. A garin da iska kanta ke haura digiri 40 a bazara, ka ga abin da ake magana. Warin taya na tashi, zafi na ratsa takalmi, ƙafa ta yi bororo. Idan an yi feshi yakan sauka, amma ba ya jimawa ya dawo. Ga manyan 'yan wasa da ke farawa ƙarfe huɗu bayan la'asar, abin da ɗan dama. Amma yaranmu da yawa ba takalmi suke wasa, ko kuma da na roba mara kauri. Awannin da aka ce roba ta fi ciyawa bayarwa, a bazara sai ka cire daga sha ɗaya na safe zuwa huɗu na yamma, sai fa idan an sa fitilu ana wasan dare.

Maganar rauni kuwa, abin da ba gardama a kansa shi ne ƙujewa. Mai tsaron raga ko ɗan baya da ya zame a kan roba busasshiya yakan tashi da fatar cinya a saɓule kamar ƙuna. Batun gwiwa da idon sahu, binciken masana ya sha bamban, ya danganta da ingancin robar da shekarunta da irin takalmin. Ni dai a idona, lalatacciyar ciyawa mai ramuka da tsohuwar robar da ta daskare, duka biyun suna kai yaro wurin mai ɗori.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma kusan kullum ake mantawa da shi har sai an gama aiki. Wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ba gudu kaɗai ba ne. Akwai jifa huɗu: mashi, faifai, dalma da guduma. Mashin maza giram 800 ne, na mata 600. Faifai kilo 2 da kilo 1. Dalma da guduma kilo 7.26 ga maza, kilo 4 ga mata. Ban da dalma da ake iya keɓe mata kusurwa a bayan raga, sauran duk a tsakiyar fili suke sauka, domin nan ne kaɗai ke da tsawon da zai ɗauke su. Bajintar duniya ta jifan mashi mita 98.48 ce, wadda Jan Zelezny ya kafa a 1996. Dokar Hukumar Guje-guje ta Duniya ta ce wurin saukar ya zama ciyawa ko wata shimfiɗa da abin jifa zai bar alama a kai, don daga alamar ake awo. A kan robar ƙwallo, mashi huda shimfiɗar yake yi, guduma ta lotsa abin da ke ƙasa. Babu mai kula da fili da zai yarda, kuma yana da gaskiya. Akwai wata roba ta musamman da aka ƙera don ta ɗauki jifa, amma ba ita ake kawo mana ba. Ranar da aka shimfiɗa kafet, an kori kusan rabin wasannin fili daga filin, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Na ɗanɗana wannan. Mun je gasar makarantu ta shiyya a wani fili sabon gyara, da masu gudu da masu tsalle kowa na murna. Da aka kira masu jifan mashi, mai gadi ya tare mu a bakin layi, ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, an hana.” Muka kwashi masu da tef ɗin awo muka fita ta ƙofar baya, muka sami wani kango kusa da gonar gero, muka ja layi da toka. Akwai wata yarinya a cikin ɗalibaina, doguwa, mai ƙarfin kafaɗa, ta shekara tana atisaye. Ta yi jifan da ya fi na kowa a ranar, ba wanda ya gani sai mu huɗu da wani mai kiwon awaki. Daga cikin fili muna jin tafi ana yi wa masu gudun ba-ni-in-ba-ka. A hanyar komawa ta tambaye ni ko shekara mai zuwa za ta iya komawa gudu. Ba kowane yaro ne mai sauri ba. Mai jiki da ƙarfi, jifa ce ƙofarsa, kuma Najeriya na cin lambobi a jifa a gasannin Afirka. Haka kuma ranar wasannin makaranta ba yammaci kaɗai ba ce, tun safe ake farawa har rana ta take, yara na zaune a tsakiyar fili suna jiran a kira su, a nan ake fareti, a nan masu ba da agaji ke kwantar da wanda ya suma. A kan roba mai zafi wannan ba ya yiwuwa.

Ta fuskar kuɗi, kowacce da inda take cizo. Ciyawar Allah ba ta da tsadar farawa sosai: a gyara ƙasa, a zuba yashi da taki, a yi magudana, a dasa. Kayan duk na gida ne, ma'aikatan ma 'yan gari ne, duk wanda ya iya lambu ana iya koya masa. Amma kullum tana cin kuɗi kaɗan-kaɗan: yanka sau ɗaya ko biyu a mako, taki, maganin gara, man inji, albashi. Roba tana cin nata a dunƙule. Daga waje ake shigo da ita, da dala ake saye, ƙarƙashinta sai an yi daɓen tsakuwa da magudanai kamar ana gina titi. Sannan tana da wa'adi, shekara takwas zuwa goma idan an kula da ita, ranarmu kuwa ba ta tausaya wa roba. Wanda ya shimfiɗa a lokacin da dala ke wajen naira 460 a farkon 2023, ya ga ta haura 1,500 a 2024, ya san kuɗin canji ba zai yi kama da na farko ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ranar da aka shimfiɗa roba, ranar ya kamata a buɗe asusun sauya ta, daga kuɗin hayar fili da na ƙofa.

Kuma kada wani ya ce muku roba ba ta son kulawa. Tana son a riƙa share ta da burushin inji don zaren ya miƙe, a ƙara garin tayan da ruwa da takalma ke kwashewa, a ɗinke inda gaɓa ta buɗe tun tana ƙarama. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabarta ce: tana shiga tsakanin zare ta cika ƙofofin ruwa, damina ta zo ta daskarar da ita, fili ya yi tauri kamar siminti da aka lulluɓe da buhu.

Akwai kuma abin da duk mun sani: filin wasan gari ba na wasa kaɗai ba ne. Nan ake gangamin siyasa, nan ake faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, wani wuri har sallar idi da hawan dawaki. Masu rumfa su kafa turaku, motoci su shigo, a zubar da guntun taba da garwashin mai nama. Ciyawa za ta ji jiki ta warke. Roba kuwa kowane turke rami ne na dindindin, kowane garwashi tabo ne. Idan kwamiti ya san ba shi da ƙarfin da zai ce wa mai mulki a'a ranar taro, to ya sa wannan a ma'auni tun yanzu.

Za ku ji ana kafa hujja da ƙasashen waje ta kowane ɓangare. Gaskiya ne dokokin ƙwallo sun amince da roba tun 2004, an buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a kanta a Peru a 2005, da gasar duniya ta mata a Kanada a 2015, inda 'yan wasa suka yi ta ƙorafi har suka kai ƙara. Gaskiya ne kuma babbar gasar Holan ta daina amfani da ita daga kakar 2025, Tarayyar Turai kuma ta sa ranar hana sayar da garin robar cikawa daga 2031. Amma su ƙasashen Turai matsalarsu sanyi ne da ƙarancin rana, suna kuma da filin guje-guje daban da na ƙwallo a gari ɗaya. Mu a nan, Kano da Kaduna da Bauci sun karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 2009, kowa kuma ya ga cewa abin da ke riƙe fili bayan baƙi sun tafi shi ne kuɗin kulawa na wata-wata. Akwai wata shimfiɗa ta uku, ciyawar gaske da aka ɗinka wa zaren roba don ta ƙara ƙarfi. Tana shan ruwa kamar ciyawa, tana cin kuɗi fiye da ita, ba ta ƙaramin fili ba ce.

To, wanne za a ɗauka? Idan garinku na da ruwan da aka gwada a bazara aka tabbatar, kuma akwai filayen makarantu ko na unguwa da za su ɗauki atisayen yau da kullum, ku dasa ciyawar Allah ba tare da wani shakku ba. Ku haɗa bohol da sola, ku ajiye injin ruwa na biyu a sito, ku rubuta sau nawa za a shiga filin a mako, ku tsaya a kai. Idan kuɗi ya ragu, ƙaramin filin roba na mutum biyar-biyar ko bakwai-bakwai a gefe, da fitila, zai ɗauke wa babban rabin wahala. Wannan shi ne zaɓina a duk inda ya yiwu, domin shi kaɗai ne ke barin filin ya zama na masu ƙwallo da masu gudu da masu jifa baki ɗaya.

Idan kuwa ruwa ba ya isa, fili ɗaya ne tak, matasa kuma sun yi yawa, kada a yaudari kai da ciyawar da za ta mutu a rani na farko. A sa roba, amma da sharuɗɗa a rubuce cikin takardar kwangila. Ta kasance mai shaidar ingancin FIFA, a gwada ta a filin bayan shimfiɗawa kafin a biya kuɗin ƙarshe. Matakin da ake kira FIFA Quality ya wadatar da filin jama'a, ba sai an nemi na ƙwararru ba. Burushin inji da buhunan garin cikawa su zo tare da ita, a koya wa mutum biyu aikin. A bar bayan raga biyu ba roba, don dalma da ramin dogon tsalle da wurin tsallen sama. A shimfiɗa tabarmar roba a inda masu ƙwallo ke tsallaka hanyar gudu, don ƙusoshin takalminsu kada su cinye layin farko. Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina shi ne a keɓe filin jifa a cikin katanga ɗaya, tsawon mita 100, mai faɗi ta can ƙarshe, ko da tsurar ƙasa ce da aka baje, da da'irar siminti da ragar kariya, da ɗan wurin da mutane za su tsaya su kalla. A sa shi a taswirar farko, domin abin da aka ce sai kashi na biyu na aiki, na jira irinsa shekara da shekaru ban gani ba.